Araha Ba Ta Ado

Wani dattijo mazaunin Garki a Abuja ya tashi gyaran makewayin gidansa bayan ya yi ritaya. A kasuwar Dei-Dei, mai fenti ya ce masa, "Alhaji, fentin ruwa na ɗaki ne. Makewayi sai fentin mai, domin ba ya shan danshi, yana kuma wankuwa." Dattijo ya dubi ɗan fanshonsa, ya ɗauki mai araha.

Damina ta sauka a Afrilu. Kafin Oktoba bango ya yi fumfuna, fenti ya ɓaɓɓare, tarin uwargidansa mai ciwon asma ya tsananta. Da rani ya kankare bangon, ya bushe sarai, ya shafa na mai. Abin da ya tsimi, magani ya riga ya cinye.