Har Yanzu Gem Na Da Daɗi Kuwa?

Ƙannena 'yan sakandare, akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai: idan muka kwashe sa'o'i muna buga gem, daɗi muke ji ko sabo ne ya riƙe mu? Ni ma a gem na taso, don haka ba wa'azin "ku daina" na zo yi ba.

Lokacin ina firamare, shagon gem na unguwarmu ne matattararmu. PlayStation 2 guda biyu, benci ɗaya da ƙaramin janareta. Wasan ƙwallon kamfanin Konami, wato PES, shi ne sarki. Ka biya kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa pad ya tashi. Idan ka sha uku da nema, har makaranta za a bi ka da tsiya. Amma abin yana da iyaka. Alƙali ya hura tashi, kuɗi ya ƙare, kowa ya kama gabansa.

Yau kasuwar ta sauya. Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, sannan a 2021 Konami ya mayar da PES eFootball. Duk kyauta ake sauke su a waya. To, ina kamfani ke samun riba? A cikin wasan. Zai sayar maka da tsaba, da lu'ulu'u, da kayan sawa. Zai ba ka tukuici idan ka leƙo kullum, ya tsayar da wa'adin da garaɓasa za ta wuce ka. Akwai kuma ƙunshin sa'a, irin na Ultimate Team da kamfanin EA ya shigo da shi wasan FIFA a 2009: ka biya kuɗi ba ka san ɗan wasan da zai fito maka ba. A 2018 hukumomin Beljiyam suka ce irin wannan caca ce. Wasan da aka gina haka ba ya son ka ƙoshi, so yake ka dawo gobe.

Mu ma mun sauya. Da, abokin karawarka yana gefenka, kafaɗa da kafaɗa. Yanzu baƙo ne da ba ka taɓa gani ba, wani lokaci har da ashar. Ga kuɗin data, ga netwok da ke yankewa kana dab da cin ƙwallo. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ga wanda wasan ya fi ƙarfinsa har ya danne sauran al'amuransa.

Duk da haka, a ganina daɗin bai mutu ba. A ɗakin kwananmu na jami'a, ranar da muka haɗa gasa mu takwas bayan jarabawa, ihu har maƙwabta. Wasan da muke bugawa ɗaiɗai cikin shiru ne ya zama biki, saboda mutane sun taru kuma akwai lokacin tashi.

Don haka ka gwada kanka. Idan ka ajiye waya kana murmushi, wasa ka yi. Idan ka ajiye ta da ciwon kai, kuɗin tara ya tafi a data, littafin WAEC na jiranka, to gem ne ya buga ka. Ka sa wa kanka lokaci, ka nemi abokai na zahiri, kuma kada ka sayi abin da ba ka gani ba.