Kwat Ɗin Baba Da Zafin Lafiya

Duk wanda ya taɓa yin bazara a garin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, ba sai an yi masa dogon bayani game da zafi ba. Da zarar hunturu ya naɗe tabarmarsa a watan Fabrairu, sai rana ta buɗe ido, ma'aunin zafi ya haura digiri 35, wani lokaci har ya doshi 40. Ga shi kuwa garin yana cikin kwarin Binuwai, inda iska kan yi nauyi da laima tun kafin ruwan farko ya sauka. A daidai wannan lokaci ne bikin Ista yake zuwa mana mu Kirista, domin kowace shekara tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu yake faɗowa. To, abin da ya sami mahaifiyata a Istar 2024 shi ya sa na ɗauki alƙalami yau, don in yi magana a kan tufafin da muke sawa mu tafi sujada.

Ranar Lahadi ce, 31 ga Maris. Na ɗauki hutun kwana uku daga ofis na zo gida. Majami'armu rufin kwano gare ta, ba silin, an kuma ɗauke wuta tun daren jiya, ɗan janaretan da ake da shi lasifika kaɗai yake iya ɗauka, saboda haka fankoki suna rataye kamar ado. Jama'a sun cika maƙil, har bakin tagogi. Baba yana layin gaba cikin dattawan ikilisiya, da baƙar kwat ɗinsa da naktaye. Ni ma, kada in ɓoye laifina, kwat ce a jikina, wadda na saya a gwanjo, mai kaurin shafi, irin wadda aka ɗinka domin sanyin Ingila. Mama kuwa tana cikin zumuntar matan cocinmu, sun yi anko, zane biyu da riga da babban ɗankwali, ana buga tulu ana waƙa.

Mun shiga awa ta uku ke nan, an tashi rawar kai baiko, sai na ga layin mata ya tsaya cik, waƙa ta yanke. Kafin in kutsa in isa wurin, an riga an ɗauko Mama an shimfiɗe ta a gindin mangwaron da ke harabar coci. Matan suka kewaye ta, suka kwance ɗankwalin, suka sassauta zanen, wata tana yayyafa mata ruwa, wata tana yi mata fifita da takardar tsarin sujada. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba. Muka kai ta wani ƙaramin asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa leda biyu, sa'an nan ta dawo hayyacinta.

Malamar asibitin da ta duba ta ita ce ta buɗe mini ido. Ta tambayi abin da Mama ta ci da abin da ta sha, ashe tun safe ba ta kurɓi ruwa ba, wai don kada fitsari ya fitar da ita ana tsakiyar wa'azi, alhali kuwa tana shan maganin hawan jini irin mai rage ruwan jiki. Daga nan malamar ta kama gefen zanen ankon ta murza da yatsu biyu, ta dube ni ta ce, "Ɗan'uwa, wannan ai leda ce Mama ta ɗaura."

Da na koma bakin aiki sai na tarar ba mu kaɗai ba ne. Tun a watan Fabrairun wannan shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa ta yi gargaɗin tsananin zafi. Kwana uku bayan faɗuwar Mama, wato ranar 3 ga Afrilu, aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da tsofaffi. 'Yan'uwanmu Musulmi kuma a cikin wannan zafi suka yi azumin watan Ramadan. Na shirya waɗannan labarai da hannuna a teburin aiki, amma zuciyata tana kan maganar ledar nan.

Mai karatu, abin da ke sanyaya jikin mutum a lokacin zafi shi ne zufa, amma fa sai ta bushe. Idan zufa ta tsatso, iska ta kwashe ta, to, ta tafi da zafin jiki ke nan. Yadin auduga yana shan zufa, yana kuma barin iska ta ratsa. Yadin roba, wanda ake kira foliyesta, ba ya shan ruwa, in kuma an yi masa saƙa mai matsi sai ya tsare zufar a kan fata, mutum ya jiƙe sharkaf amma jikinsa bai huce ba. Iyayenmu ba su san wannan matsala ba a ƙuruciyarsu, domin atamfar da suka ɗaura ta audugar ƙasar nan ce. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya, auduga tana tahowa daga su Funtua da Gusau. Masaƙar ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, kasuwa ta cika da atamfar waje mai arha, wadda da yawanta roba ce aka buga wa zanen atamfa. Matan coci kuwa, da yake suna so kowace mace, har gwauruwa mai sayar da ƙosai, ta iya sayen anko, sai su zaɓi mafi arha. Niyyarsu kyakkyawa ce, ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai arha ba ta ado, a wannan karo ma har ta kusa cin rai.

Maganar mata ke nan. Tamu ta maza ta fi wuyar warwarewa, domin ta shafi zuciya. Da dare, muna zaune a tsakar gida, na ce wa Baba ni kam na yi sallama da kwat har sai hunturu ya dawo, shi ma ina roƙonsa ya bar ta. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaro, in sa me ke nan? Kaftani? Ka taɓa ganin dattijon ikilisiya ya tsaya gaban bagade kamar mai zuwa Idi?"

Ban yi masa gardama ba, domin na san tarihin kwat ɗin nan. Baba tsohon malamin firamare ne, a makarantar mishan ya yi karatu, kakana kuwa manomin doya ne wanda bai taɓa sa takalmi ba. A wurin tsararsu Baba, kwat ita ce shaidar cewa mutum ya yi ilimi, ya san Littafi, ba kuma wanda zai raina shi a ofishin En'e. A wurin ƙananan ƙabilu irin namu kuwa, waɗanda suka daɗe suna ganin babbar riga a jikin hakimi da mai karɓar haraji, kwat ta zama wata hanya ta cewa mu ma mutane ne. Bugu da ƙari, har zuwa 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, muna cikin Jihar Filato ne, idonmu yana kan Jos, can ake zuwa taro, can ake zuwa kwas. Jos tana bisa tsauni, tsayin kimanin mita 1,200, inda kwat take da amfani da safe. Muka kwaso shigar Jos muka sauko da ita kwarin Binuwai, muka manta ba mu sauko da sanyinta ba.

Na koma na bincika Littafi Mai Tsarki da kaina, ban ga inda aka ambaci kwat ba. A wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, babi na 2, inda ya yi maganar shigar mata, abin da ya nema shi ne kunya da kamun kai, abin da ya tsawata a kai kuwa shi ne zinariya da tufafi masu tsada. Wasiƙar Yaƙub, babi na 2, ta zargi masu bai wa mai kyawawan kaya kujerar gaba su bar matalauci a tsaye. Maganar rufe kai tana cikin wasiƙa ta fari zuwa ga Korintiyawa, babi na 11, ikilisiyoyi kuwa sun sha bamban a kanta. Dokokin Cocin Katolika na 1917 sun wajabta wa mata rufe kai a coci, na 1983 ba su maimaita wannan ba, amma har yau matanmu na Arewa, Katolika da sauransu, da ɗankwalinsu suke zuwa, abin sha'awa ne kuma. Sai dai ba inda aka ce ɗankwalin ya zama mai nauyin gammo, ko a ɗaure shi har jijiyar kai ta tashi.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai. Kusan duk wa'azin da na taɓa ji game da sutura, 'yan mata ake yi wa. An sha tsayar da yarinya a ƙofar coci a miƙa mata zane ta rufe gwiwa, amma ban taɓa ganin an tsayar da namiji an tambaye shi dalilin da ya ci bashi ya ɗinka kwat ta fi ta maƙwabcinsa ba. Su ma 'yan matan, in sun ce zafi ne ya sa suka rage tufa, hujjarsu ba ta da ƙarfi, domin matsattsen wando da riga mai ɗamewa sun fi kowane zane riƙe zafi, fatar da aka bari a buɗe kuwa rana ce take dukanta kai tsaye. Wato mai tsiraici da mai kwat duka sun ɓata hanya, kowa ta gefensa.

Abin mamaki, amsar tana rataye a shagon kowane tela a Lafiya. Kaftani mai faɗi na farin yadin auduga, ko 'yar shara, ko doguwar rigar mata marar matsi, suna rufe jiki ruf, suna kuma barin iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta wuya. A 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike a kan Larabawan hamada masu sa baƙaƙen riguna. Aka gano zafin da ke isa jikin mai baƙar riga bai fi na mai fara ba, domin rigar tana da faɗi da kauri, iska tana zagayawa a ƙarƙashinta. Ashe faɗin riga ya fi launinta muhimmanci. Ba kuma yau Kirista suka fara aron shigar maƙwabta ba. Ƙungiyar limaman mishan da Lavigerie, babban bishop na Aljiyas, ya kafa a 1868, farar jallabiya da alkyabbar mutanen Aljeriya suka ɗauka suka mai da tufafin aikinsu, har aka riƙa kiransu Fararen Fada. Limaman Katolika na ƙasar nan ma farar doguwar riga suke sawa, ba baƙa irin ta Turai ba. Mu da muke yin addu'a da Hausa, muke waƙa da Hausa, muke kiran sunan Allah da Hausa, mene ne abin gudu a rigar Hausa?

Ban faɗa wa Baba duk wannan a dare ɗaya ba, domin ba a yi wa babba lacca. Abin da na yi shi ne, na sayi farin yadi na kai wa telan unguwarmu, wani dattijo Musulmi wanda shi ya ɗinka mana kayan makaranta tun muna yara. Bai nemi awo ba, ya ce ya san kafaɗar Malam tun shekara talatin. Da ya gama, da kansa ya kawo ɗinkin gida, ya ce, "Malam, ka gwada mana. In an ce ka musulunta, ka turo su wurina in ba da shaida." Baba ya yi dariya har da hawaye, ya karɓa ya sa a akwati. Sai da aka yi Lahadi uku bai taɓa shi ba. Ranar ta huɗu, Mama ta bugo mini waya tana raɗa, ta ce, "Babanka fa ya sa." Ta ce wasu dattawa sun ɗan harare shi, amma kafin damina ta kankama mutum biyu sun bi sahunsa. Kwat ɗin kuwa tana nan a rataye cikin leda, ba ya fito da ita sai Kirsimeti, lokacin da sanyin hunturu ya ba ta hujja.

Su Mama ma sun zauna sun yi shawara. Da aka tashi sabon anko, suka tura mata biyu kasuwa da ashana a jaka. Akan zare zare ɗaya daga bakin yadi a ƙona: in auduga ce sai ta ci wuta ta bar toka mai laushi da warin takarda, in roba ce sai ta narke ta dunƙule. Kuɗin ya ƙaru, saboda haka suka yarda a riƙa biya kaɗan kaɗan, masu hali su cika wa gwauraye. Suka kuma ajiye randa a bayan coci, aka sanar daga bagade cewa fita shan ruwa ba rashin ladabi ba ne.

Roƙona ga fastoci da dattawa da shugabannin mata, daga Lafiya har Doma da Akwanga da Keffi, da duk inda zafi yake, shi ne a dubi wannan al'amari kafin wata bazarar ta zagayo. A bar mai wa'azi da 'yan kwaya su ajiye kwat da manyan riguna daga Fabrairu zuwa saukar ruwa. A zaɓi anko na auduga ko da zane ɗaya ne. A fara sujadar Ista da sassafe, a kuma taƙaita sanarwa saboda tsofaffi da masu ciki da jarirai. Kamun kai wajibi ne, ba ni da ja a kan wannan, amma jikin da ake rufewa shi ma amana ne. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke, mu kuwa da sunan garinmu ke nan mun fi kowa cancantar tunawa. Mama tana nan da ranta, tana buga tulunta kowace Lahadi. Allah ya kai mu wata Istar lafiya, amin.