Plan 9, tsarin da injuna suka ƙi wa masauki

Duk malamin da ya taɓa buga ƙ ko ɗ ko ƴ a kwamfuta, ya aika wa takwaransa na Damagaram, harafin ya isa da lanƙwasarsa, to ya ci albarkacin wani tsari da bai taɓa gani ba. A watan Satumba na 1992 ne Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8, hanyar adana haruffan harsunan duniya, kuma Plan 9 ne ya fara aiki da ita.

Plan 9 tsarin tafiyar da kwamfuta ne, kamar Windows ko Linux. An fara gina shi a ƙarshen shekarun 1980 a cibiyar Bell Labs ta Amurka, inda aka haifi Unix. Hikimarsa na da ban sha'awa. Injin da ke gaban mutum ƙofa ce kawai. Wani inji can yana lissafi, wani yana ajiya, yarjejeniyar 9P ta haɗa su tamkar ɗakunan gida guda. Allo da linzami da hanyar sadarwa duk ana kallonsu kamar fayil, ana buɗewa, a karanta, a rubuta. Wanda ya koyar da nahawu ya san daɗin ƙa'ida guda mai warware jimloli dubu.

Sai dai kowane ɓangare na inji, daga katin sauti zuwa na wifi, yana buƙatar ɗan shirin da zai yi masa tafinta. Kamfanoni suna rubuta wa Windows nasu, Linux ya tara dubban masu sa kai, Plan 9 kuwa mutanensa ba su da yawa. An ba jami'o'i shi a 1992, ba a sake shi kyauta ga kowa ba sai 2000, lokacin da Linux ya riga ya yi nisa. Wannan jinkirin ya cuce shi ƙwarai. Mai sha'awa ya girka shi, sai ya tarar sauti shiru, intanet babu.

Masoyansa ba su fid da rai ba. A 2011 wasu suka ɓallo da reshen 9front, suka ƙaro masa tafintoci na wifi da sauti. A 2012 Richard Miller ya ɗora shi a kan Raspberry Pi, inji ɗan ƙarami mai arha wanda bai fi tafin hannu ba. A 2021 Nokia ta miƙa haƙƙin mallakarsa ga gidauniyar Plan 9. Har yanzu mai son gwada shi yakan fara duba jerin injunan da yake karɓa kafin ya je kasuwa, ya kuma nemi linzami mai maɓalli uku.