Ka Shiga Ɗakin Saƙa Kafin Ka Ɗauki Alƙalami

Habibu, mahaifinka ya gaya mini jami'a ta amince da batun da za ka rubuta kundin digirinka na biyu a kai, wato dalilin da ya sa masana'antun Kano ba sa fitar da kaya kamar na ƙasashen Asiya. Allah ya sa albarka. Ban yi zurfin bokon da ka yi ba, amma a tsakanin injinan saƙa na Kakuri da ke Kaduna na yi furfura, na shiga ina lebura na fito ina heluma, kuma tun da na ajiye aiki nake bibiyar abin da masana suka rubuta a kan irin aikinmu. Saboda haka ka ba ni kunnenka, ɗana.

Na san amsar da za a fara ba ka. Manaja zai zaunar da kai a ofis, a kawo maka lemo mai sanyi, ya ce matsalar ɗaya ce, mutanenmu ba sa son aiki. Ka rubuta maganarsa, domin ita ma shaida ce, amma ka rubuta ta da sunan ra'ayin manaja. Yadda ake lissafin ƙwazon ma'aikata shi ne a ɗauki yadin da aka saƙa a raba shi da awannin da ma'aikata suka yi. To, ranar da aka ɗauke wuta muka zauna awa uku muna kallon juna, awannin nan suna cikin lissafi. Ranar da baƙin mai ya yanke tukunyar tururi ta huce, suna ciki. Idan an sayo zare mai arha wanda yake tsinkewa kowane minti, ko inji ya kwanta wata guda ana jiran kayan gyaransa daga tashar jiragen ruwa ta Legas, duk a kan mai tsaron inji lissafin yake faɗawa, domin shi kaɗai ne a ƙasan layin rabawa. Wanda bai taɓa tsayawa a ɗakin saƙa ba zai ga ƙaramin adadi ya kira shi lalaci.

Akwai binciken da nake so ka karanta da natsuwa, domin a masaƙu aka yi shi. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun je masaƙun da ke kusa da Mumbai a Indiya, suka raba su gida biyu. Wasu aka tura musu ƙwararru na tsawon watanni suna koya musu tsarin gudanarwa, wasu kuma aka duba su kawai aka bar su yadda suke. Abubuwan da aka koyar guda 38 ne, kuma babu na mamaki a ciki: a riƙa rubuta kowane aibi da aka gani a yadi da injin da ya fito daga gare shi, a jera zare a sito da alama don kada ya ɓace ko ya lalace, a gyara inji kafin ya tsaya, a kwashe tarkace daga hanya. Sakamakon da suka buga a 2013 ya nuna aikin masaƙun da aka koya wa ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a shekarar farko. Injinan su ne na da, masu tsaronsu ma haka. Da aka bincika abin da ya hana masu masaƙun yin haka tun farko, sai aka ga wasu abubuwan ba su taɓa jin labarinsu ba, wasu kuma sun ji amma ba su yarda za su kawo riba ba. An kuma lura ba sa miƙa ragama sai ga ɗa ko ɗan'uwa, don haka girman kamfani yakan tsaya inda mazan gidan suka ƙare. Kai da ka tashi a Kano, wannan ba baƙon labari ba ne a wurinka. Idan ka shiga masana'anta, ka nemi a nuna maka sito da littafin gyaran inji kafin ka nemi rajistar masu makara.

Sai maganar awanni. Za ka tarar da wuraren da ake tsayuwar awa goma sha biyu, Lahadi ma ba hutu, mai kamfani yana ganin ya ci riba. John Pencavel, shi ma na Stanford, ya koma kan bayanan da aka tara a masana'antun harsasai na Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Farko, inda yawancin ma'aikatan mata ne. Ya gano cewa har zuwa wajen awa 49 a mako, kowace awa tana ƙara kaya daidai gwargwado, daga nan sai amfaninta ya fara raguwa, har abin da ake samu a awa 70 bai wuce na awa 56 da wani abin kirki ba. Mu da muka yi aikin dare mun san wannan a jikinmu. Gab da asuba ne yadi ya fi fitowa da aibi, a lokacin ne kuma inji ya fi cin yatsun mutane.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da kai. Ranar da ka shiga da takardar tambayoyi a hannu, manaja yana biye da kai, babu ma'aikacin da zai gaya maka gaskiya. A wurinmu, baƙo mai takarda da agogo alamar ɗayan biyu ce: ko za a ƙara adadin injinan da mutum ɗaya yake tsaro, ko za a rage mutane. A binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne kusa da Shikago tsakanin 1924 da 1932, an sa ido a kan wasu maza 14 da ake biya gwargwadon abin da suka yi. Sai aka ga sun yanke wa kansu iyakar aikin yini, duk wanda ya zarce su tsangwame shi, saboda tsoron idan suka nuna iyakar ƙarfinsu za a rage farashin aikin ko a sallami wasu. Mu ma mun yi haka a Kakuri ba tare da mun taɓa jin sunan Hawthorne ba. Mutumin da ya san gyaran da zai sa inji ya ƙara gudu ba zai faɗa ba, muddin yana ganin faɗar za ta kori maƙwabcinsa daga aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya amince da kai zai nuna maka wurin.

Kada kuma ka ɗauka sai Turai da Amurka ake da abin karantawa. Paul Lubeck ya zauna da leburorin masana'antun Kano, littafinsa na 1986 ya nuna yadda da yawansu suka fito daga makarantun allo, da yadda neman lokacin salla ya zama abin jayayya tsakaninsu da masu kamfani. Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun yi shekaru suna bin masaƙun Kaduna da Kano da Legas da ƙungiyarmu ta ma'aikatan masaƙu, wadda aka kafa a 1978. Sun nuna cewa a manyan masaƙun Kaduna ƙungiya ta kafu har ta zama hanyar sasanta rikici, alhali a yawancin na Kano dangantakar ubangida da yaronsa ta fi ƙarfi. Na ga amfanin wannan da idona. Inda akwai wakilin ma'aikata da ake saurara, ƙorafi yakan ƙare a tebur. Inda babu, yakan fito ta wata hanya: fashin aiki, ɓatan zare, inji ya lalace ba a san wanda ya taɓa shi ba.

Ban ce ka zama lauyan ma'aikata ba. A cikinmu akwai masu barci a bayan dilolin auduga, akwai masu fita da yadi a ƙarƙashin riga, na kuma kai ƙarar wasu da kaina. Ka rubuta wannan ma. Amma ka auna girmansa da sauran. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta tsayar da aikinta na Kaduna a 2007. Hannayen da suka saƙa atamfar da ake rububi a kasuwannin Afirka ta Yamma su ne dai suke kan injinan a shekarun ƙarshe. Abin da ya canza shi ne wutar lantarki, da tsadar mai, da tsufan injina, da kayan fasa-ƙwauri da suka cika kasuwar Kantin Kwari a farashin da ko kuɗin zarenmu bai kai ba.

Ga yadda za ka yi. Ka nemi izinin kwana a masana'anta tare da masu aikin dare, ko da sau ɗaya ne a kowace wadda ka zaɓa. Hirarka da ma'aikata ka yi ta a wajen ƙofa, a teburin mai shayi ko a gidajensu, da Hausa, ba manaja a kusa. Kada ka manta da 'yan wucin-gadi, waɗanda ake ɗauka ta hannun ɗan kwangila, domin sau da yawa sunansu ba ya cikin takardun da ofis zai ba ka, alhali su ne a kan aiki mafi nauyi. Mata ma'aikata kuwa, ka nemi 'yar ajinku ta yi hira da su, akwai abin da ba za su faɗa wa namiji ba. Sunan duk wanda ya yi maka magana amana ce a wuyanka; kada ya shiga kundinka, kada kuma ka bayyana shi ta yadda heluma zai gane shi, domin kai za ka karɓi digiri ka wuce, shi kuwa yana da iyali a kan wannan albashin. In ka gama, ka taƙaita abin da ka gano a shafi biyu da Hausa, ka kai wa mai kamfani ɗaya, ka kai wa ma'aikata ɗaya.

Idan an yi hutu ka zo Kaduna. Akwai tsofaffin makanikai da masu tsaron inji da muke haɗuwa bayan la'asar, zan zaunar da kai da su ka gwada tambayoyinka a kansu tukuna, su cire maka waɗanda ba wanda zai amsa. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.