Daga Sakkwato zuwa Isa a jif mai shan gas

Mai zuwa Isa daga Sakkwato hanya biyu ke gabansa. Ta kusa ita ce wadda ke rabuwa a Marnona ta ratsa dajin Gundumi, amma a watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe ta saboda 'yan bindiga, kuma har yau direbobi da yawa ba su saki jiki da ita ba. Ɗayar ta zagaye ce: Achida, Goronyo, Sabon Birni, sannan a karkata kudu zuwa Isa. Ita muka bi, ni da kawuna da direbansa, za mu gaisuwar rasuwa.

Motar kawu Prado ce ta hannu, 'yar Turai, mai injin gas na lita 3 da turbo. Da zai saye ta, dillalai sun jera masa iri-iri. Akwai mai fetur ta lita 2.7, wadda makanikai ke kira mai filogi huɗu, ga sauƙin gyara amma tana nishi idan an cika ta da kaya. Akwai mai filogi shida ta lita 4, mai ƙarfi da shan mai. Waɗanda ake kawowa daga Amurka kuwa, irin su Lexus GX470 da Sequoia masu filogi takwas, duk fetur suke sha, domin can ba a sayar da su da injin gas. Kawu ya ɗauki mai gas saboda lita ɗaya tana kai shi nesa fiye da ta fetur, ga ƙarfin ja a cikin rairayi.

Tun a Sakkwato direba ya ce a cika tanki har baki. Kawu ya ce rabi ya isa, a ƙara a hanya. Direba ya yi shiru, ya ja mota.

Bayan Achida ƙasar ta buɗe. Lokacin noman rani ne, fadamun gulbin Rima sun yi kore da albasa da shinkafa, albarkacin madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984. Kowane ƙauye muka ratsa akwai teburin ɗan bumburutu da galan-galan da kwalabe jere a rana, kuma duk fetur ne. Dalili a fili yake: babur ne abin hawan yankin, ƙananan injinan ban-ruwa da janareton caji su ma fetur suke sha. Gas na manyan motoci ne da injinan niƙa, shi ya sa ba kowa ke ajiye shi ba.

A Sabon Birni muka tsaya. Garin na Gobirawa ne, kusa da kufan Alkalawa, tsohuwar hedikwatar Gobir da ta faɗi a 1808, kuma iyakar Nijar ba nisa. Kusancin iyakar ya sha jawo wa irin waɗannan garuruwa ƙarancin mai. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a 2021 kuma aka hana sayar da fetur a jarka saboda tsaro. Gidan man da muka fara shiga, famfon gas ɗinsa an ɗaure masa baki da leda.

"Sannu da aiki, samari. Akwai gas?" in ji kawu.

"Wallahi Alhaji, ba mu aje shi. Wanga famfo ya daɗe bai yi aiki ba. Ku tambaya wajen masu niƙa, bakin kasuwa."

A can muka sami wani dattijo da duro biyu a rumfa. Direba bai yarda a zuba kai tsaye ba. Ya karɓi kwalba fara, ya ɗebo kaɗan, ya ɗaga ta sama yana duba ko ruwa zai kwanta a ƙasa. Ya ɗiga a yatsa ya murza, ya shinshina ko an haɗa da kananzir, domin gas na gaskiya yana da santsi, kananzir kuwa yana tsinka shi. Sai da ya gamsu ya shimfiɗa ƙyalle a bakin mazurari aka tace lita 20.

"Baba, a yi haƙuri, ba zargi ba ne," ya ce wa dattijon. "Wagga mota ba ta da haƙuri."

"Ai gaskiyarka, yaro. Injin niƙa komi ka ba shi shina sha, taku kuwa 'yar gata ce."

Maganar dattijon tana kan hanya. Tsohon injin Land Cruiser mai silinda shida na lita 4.2, wanda ake kira 1HZ, famfonsa na ƙarfe ne zalla ba kwamfuta, shi ya sa ƙungiyoyin agaji ke yawo da shi a Sahara. Na kawu na zamani ne, yana feso mai da matsanancin ƙarfi ta ƙofofin nozul da ba su fi kaurin gashi ba. Ɗan ruwa ko ƙura na iya kashe su, kuma samun sababbi sai an aika Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano. Makanikin fetur kuwa ko a ƙauye ba a rasa shi.

Neman gas ya cinye mana lokaci, har aka kira azahar. A wannan yanki lokaci ba abin wasa ba ne. A kan hanyar da muka biyo daga Sakkwato zuwa Sabon Birni aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi. Motoci kan jira juna su tafi a jere, ba mai son la'asar ta yi masa sakaliya a daji. Muka bi bayan wasu motocin haya, muna wuce shingayen jami'an tsaro da ƙauyukan da wasunsu suka zama kufai. Ba wanda ya yi magana a motar sai da muka hango gidajen Isa.

Da dare, bayan gaisuwa, hira ta koma kan mota. Wani ɗan'uwa ya ce ai tunda aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, tazarar farashin ta ragu, mai gas ya fi riba. Direba ya amsa cewa lissafin daidai ne a hanyar Kano ko Kaduna, inda tireloli ke tsayawa kuma gidajen mai ke da gas mai tsabta. A gabashin Sakkwato kuwa, abin tambaya shi ne wane mai za ka samu idan allura ta faɗi, kuma wa zai buɗe maka inji idan mota ta mutu.

Kawu bai sayar da Pradon ba. Ya bar ta don doguwar tafiya, ya sa aka ajiye filtar mai ta biyu a bayanta, kuma ba ta ƙara fita Sakkwato da rabin tanki ba. Idan tafiyar Gobir ta taso, tsohuwar motarsa mai filogi huɗu yake ɗauka.