Ƙararrawar Da Ke Kuka Idan An Ɗauke Wuta

Jihar Neja ce ke da madatsar Kainji wadda aka gama a 1968, ita ke da ta Shiroro wadda ta soma aiki a 1990, har ana yi mata kirari da jihar lantarki. Amma duk mai sana'a a yankin Tafa, kusa da Suleja, ya san kirari daban, wuta daban. Shi ya sa a gidaje da yawa akan ɗaura 'yar jiniya mai kuka idan an kawo wuta, don a kashe janareta.

Akwai wani saurayi mai shagon buga takardu a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, wanda shi bukatarsa ta sha bamban da wannan. So yake a gaya masa lokacin da aka ɗauke. Yana da akwatin ajiyar wuta, watau UPS, wanda ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci, amma kukansa bai fi na ɗan tsako ba, ga kuwa rugugin tireloli dare da rana. Da hunturu fanka a kashe take, da rana babu ƙwan da ke kunne, saboda haka babu alamar da za ta nuna masa. Ran nan yana cikin buga wa wata ɗaliba kundin kammala karatunta, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Aikin yini ya tafi, ga shi washegari za ta miƙa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai karɓi takardunta ta tafi wani shago, kuma abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

To, sai ya nufi wajen masu gyaran rediyo a kasuwar Suleja. Kayan da ya sayo kaɗan ne: ɗan makunni mai maganaɗisu da suke kira rile, da batir mai bolt 9, da 'yar ƙararrawa. Ya haɗa da tsohuwar cajar waya.

Dabarar kuwa abar sha'awa ce, don a juye take aiki. Caja na cikin soket ɗin bango tana ba rile bolt 5. Muddin akwai wuta, maganaɗisun yana riƙe da wani ɗan harshen ƙarfe, ya hana shi taɓa hanyar batir. Da an ɗauke, sai ya sake shi, harshen ya koma mazauninsa, batir ya haɗu da ƙararrawa, ta tsala ihu. Watau rashin wutar ne da kansa ke kunna ta. Ya kuma yi hankali da bai taɓa wayar bango mai bolt 230 ba, ya bar wa caja wannan haɗari. Wuri ɗaya ya yi tuntuɓe: da farko a jikin UPS ya soka cajar, ƙararrawa ta yi shiru abinta, tun da a can wuta ba ta yanke ba.

Saura matsala guda, wadda ba ta waya ba ce. Ya sa mata makashi don ta yi shiru bayan ya adana aiki, amma idan wuta ta dawo sai ya manta ya mayar. Yanzu ya rataya jan ƙyalle a jikin makashin, yaron shago ne ke duba shi kowace safiya kafin ya yi shara.