Bugun Farko na Littafin Farko



A Amurka akwai masu tara katunan 'yan wasan besbol, kuma wanda suka fi nema shi ne katin farkon fitowar ɗan wasa, tun bai zama kowa ba. A 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6. Mu ma muna da irin wannan kaya, sai dai gara da masu ƙosai ne ke cin moriyarsa: bugun farko na littafin farko na marubuci.

Abubakar Imam bai kai shekara 25 ba aka buga Ruwan Bagaja a Zariya a 1934, bayan gasar 1933. Wanda ya riƙe wannan kwafi ya riƙe tarihi. To, yaya ake gane shi?

Tun ina karatun difloma a Kadpoly ta Unguwar Rimi nake tsugunawa gaban masu baza tsofaffin littattafai, kuma abu huɗu nake dubawa. Na ɗaya, mawallafi. In ka ga NNPC a jikin Ruwan Bagaja, sabon bugu ne, don sai 1966 aka kafa kamfanin. Na biyu, farashi. In da sule aka rubuta shi, littafin ya girmi naira, wadda ta zo a 1973. Na uku, lambar waya. Littafin kasuwar Kano mai lambar GSM bai riga 2001 fitowa ba, ko da an rubuta wata shekara a ciki. Na huɗu, shafin baya. In ana tallar littattafan da marubucin ya yi daga baya, ba bugun farko ba ne.

Tsufa kaɗai ba ya sa daraja. Sai a duba sunan da marubucin ya yi daga baya, da ƙarancin kwafin, da ko bango da shafuka sun cika. Sa hannun marubuci ƙari ne. Littafin da aka karanta a makarantu, aka buga shi sau tari, ko ya yi ja bai zama zinariya ba.

Abin da ke damuna shi ne namu. Da yawanmu muna fitar da littafi babu shekara, babu "bugu na ɗaya", wasu ma a WhatsApp kawai yake, waya ta lalace ya tafi. Babu wanda ya san wanda zai zama Imam a cikinmu.

Don haka in za ka buga na farko, sa shekara, da wurin bugu, da sunan maɗaba'a. Ware kwafi biyar, ka sa a leda nesa da danshi, ka kai ɗaya ɗakin karatu irin na Arewa House. Mai nazari na nan tafe, kada ya zo ya tarar an ƙunshe gyaɗa da aikinka.

Wane littafi ne mafi tsufa a gidanku? Ku duba, ku faɗa mana.